Sarƙar Da Ta Ci Wuyan Auta

Kwana arba'in da ɗaya ke nan da Hajiya mai gwal ta aiko gidan su Auta a ce an fasa maganar aure. Ba wai Auta ta zauna tana ƙirga kwanakin ba ne. Kullum dai idan ta buɗe shagonta da safe, ta tsaya gaban madubi ta zame mayafi, abin da ke wuyanta ne yake tuna mata.

Ja ne ya zagaye wuyan tun daga gaba har ƙeya, da ƙananan ƙuraje masu ruwa, gefe-gefensa ya soma yin baƙi saboda susa. Kunnuwanta ma sun kumbura a daidai huda. Idan ta yi gumi kuwa sai ta ji kamar an barbaɗa mata barkono, ta rasa inda za ta sa ranta.

Auta mai kitso ce, kuma ba a layinsu kaɗai aka san hannunta ba. Da can, kafin ta iso da makulli za ta tarar da mata uku ko huɗu a kan bencin ƙofar shago, kowace kai a tsefe, ana gardamar wa ta riga zuwa. Yanzu magen maƙwabta ce take miƙe ƙafa a kan bencin har rana ta take. Wa za ta miƙa kanta ga wadda aka ce tana da cuta a jini, ga shi kuma ana ganinta tana sosa wuya da hannun da za ta yi tsaga da shi?

Hajiya ce ta fara furta kalmar, kuma a gaban mutane.

Shekara biyu Auta suna tare da ɗan Hajiyar, wanda take kira Maƙeri saboda shi ne mai aikin hannu a bayan shagon gwal ɗin uwar tasa. Tun farko Hajiya ba ta so. A ganinta 'yar mai kitso, jikar mai kitso, ba ta kai ta zauna a falonta ba. Da ɗan ya kafe, ya daina cin abincin gida, sai ta amsa da baka, har ta ɗauko sarƙa da 'yan kunne daga shago ta ce ya kai wa yarinyar. Ranar Auta kasa rufe baki ta yi don murna. Sati ɗaya da sawa wuyan ya fara ƙaiƙayi. A sati na uku Hajiya ta aiko ta je ta gaishe ta.

Ƙawayen Hajiya uku ne a falon, kowace hannu cike da awarwaro. Auta ta durƙusa za ta gaida su, mayafinta ya zame.

"Mene ne wannan a wuyanki?" in ji Hajiya. "A'a, tsaya daga nan, ina hangowa."

"Ƙaiƙayi ne, Hajiya. Ina shafa magani."

"Ƙaiƙayi." Hajiya ta juya wajen ƙawayenta ta taɓe baki. "Irin wannan a jini yake, ni na sha gani. A haka yake farawa, sai an haihu a ga abu a jikin yara. Ni kam ba zan haɗa jikokina da shi ba."

Maƙeri yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Kafin Auta ta kai ga takalminta ta ji Hajiya tana cewa a fita da kofin da ta sha ruwa, kada a kuskura a mayar da shi cikin sauran. Maganar kofin nan ta fi komai ci mata rai.

A gida ma ba ta samu sauƙi ba. Akwai mai kemis na bakin layi, wanda ya shekara yana aiko mata gaisuwa tana mayar masa da abarsa. Yana jin an fasa ya ɗinka sabbin kaya. Man shafawa kala uku ya ba ta, kowanne ya ce shi ne ƙarshen magana, kowanne kuma sai ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. Yammar nan ta dawo daga shago ta tarar da shi a tsakar gida kan kujerar baƙi, ƙamshin turarensa har waje.

"Ni ba na gudun lalura," ya ce yana gyara agogon hannunsa. "Aikina ke nan. Na gaya wa Inna, ni zan rufa miki asiri, da ciwonki da komai. Wani ne zai tsaya tone-tone."

Auta ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta wuce ɗaki. Bayan ya tafi Inna ta biyo ta, ta zauna a bakin gado.

"Auta, so kike baƙin ciki ya kashe ni? Mutum ya zo da mutuncinsa kin watsa masa ƙasa a ido."

"Inna, ba ki ji abin da ya ce ba? Wai asiri zai rufa min. Me na aikata da za a rufa min asiri?"

"Ba ki aikata komai ba, 'yar nan, amma bakin mutane ya riga ya buɗe. Jiya a kanti matar da muka yi shekara ashirin muna gaisawa ta janye 'yarta daga kusa da ni. Ni ma yanzu na zama abar gudu. Shi wanda kike wa kukan, ko sau ɗaya ya leƙo?"

"Yana kira."

"Yana kira. To a waya za a yi auren?"

Hawaye ya ɓalle wa Auta. Ta zame daga gadon ta kama ƙafar mahaifiyarta.

"Inna, ke kika haife ni. Don Allah ki gaya min gaskiya. Akwai wani abu a danginmu? Ta wajenki ko ta wajen Baba?"

Inna ta share ido da gefen zani.

"Ban taɓa gani ba. Amma tun da matar nan ta faɗa, wallahi 'yan'uwana nake bi ɗaya bayan ɗaya a raina, ina tuna jikinsu."

A nan Auta ta daina kuka. Ashe maganar Hajiya har cikin zuciyar uwarta ta shiga ta zauna. Washegari ba ta buɗe shago ba, asibiti ta nufa, ta bi layin masu ganin likitar fata.

Likitar dattijuwa ce mai gilashi a kan karan hanci, ba ta da gaggawa. Ta sa Auta ta cire mayafi, ta jawo fitila, ta yi ta dubawa. Abin da ya fara ba Auta mamaki shi ne da hannunta ta taɓa wurin, ba ta ja da baya ba.

"Kin sake sabulu kwanan nan? Turare fa? Wani sabon man shafawa?"

"A'a."

"Me kike yi?"

"Kitso."

"Nuna min hannayenki." Ta juya su gaba da baya. "Lafiya lau. Da mayukan shagonki ne, da yatsunki za su fara ci. Me da me kika sa wa wurin?"

Auta ta shiga lissafawa. Man mai kemis kala uku. Lemon tsami. Man goge baki, wata maƙwabciya ce ta ce yana busar da ƙuraje. Ruwan zafi da gishiri safe da yamma, tana dirzawa da soso.

Likitar ta cire gilashinta ta ajiye a tebur.

"Ikon Allah. 'Yata, wuya ne fa, ba tukunya ba. Jan fata kala-kala ne. Akwai na zafin rana, akwai na sabulu ko turare, akwai makero, akwai borin jini, kowanne da kamarsa da maganinsa. Amma babu wanda lemon tsami da soso suke yi wa komai sai ƙarin wuta. Ɗaga min sarƙar nan."

Auta ta ɗaga. Likitar ta miƙa mata ƙaramin madubi.

"Duba da kanki. Ina jan ya bi?"

Auta ta duba. Inda sarƙar take kwanciya, nan jan ya bi, bai kauce ba ko da faɗin farce. A gaba, inda kan sarƙar yake sauka, jan ya yi faɗi daidai girmansa. Wata biyu tana kallon wuyan nan kullum, ba ta taɓa ɗaga sarƙar ta haɗa biyun ba.

"Kina cire ta?"

"Ba na cirewa."

"Wajen wanka fa? Wajen barci?"

Auta ta girgiza kai. Ta yaya za ta gaya wa baƙuwa cewa tun da aka fasa, sarƙar nan ce kaɗai abin da ya rage mata na Maƙeri, har ƙara matse ta take yi a jikinta idan kewarsa ta taso? Likitar dai ta ga idonta ya cika, ba ta ƙara tambaya ba. Ta sa ta cire sarƙar da 'yan kunnen. Ta ɗiga wani ruwa a auduga ta goga a bayan sarƙar, nan take audugar ta yi jaja-jaja.

"Ga mai laifinki nan. Akwai wani ƙarfe a ciki, nikel ake ce masa. Fatar mata da yawa ba ta shiri da shi, balle idan ya haɗu da gumi. Naki jikin yana ta yi miki ihu, ke kuma kina ƙara ɗaura masa."

"Likita, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Ko kofi ɗaya kuka sha ruwa da mutum shekara goma."

"Ba cuta ce a jini ba? Ba zai taɓa 'ya'yana ba?"

"Wa ya gaya miki haka? Babu abin da zai hana ki aure ko haihuwa. Ki rabu da ƙarfen, shi ke nan." Ta jawo takarda tana rubutu tana magana. "Ruwa mai sanyi, sabulu marar ƙamshi, ban da soso. Idan ƙaiƙayi ya taso ki jiƙa ƙyalle mai tsabta ki ɗora, kada ki sosa. Wannan man da zan rubuta, kaɗan-kaɗan, sati ɗaya kawai ki tsaya, daga nan sai basilin zalla. Na mai kemis ki zubar. Jan zai tafi cikin sati biyu ko uku, baƙin zai ɗauki watanni, kada ki sa masa man bilicin don gaggawa. Idan kuwa kika ga wurin ya ɗau zafi yana kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki dawo a ranar."

Auta ta kalli sarƙar da ke kan tebur.

"Gwal yana yin haka?"

"Ni ba mai sayar da gwal ba ce. Amma gwal mai kyau ba kasafai yake yi ba. Wannan kuma nikel ɗin da ke cikinta ba kaɗan ba ne."

"To don Allah ki rubuta min duk abin da kika faɗa. Ki sa hannu, ki buga hatimi."

Daga asibiti shago ta wuce. Ta rufo ƙofa, ta ɗauki kibiyar tsaga ta ƙarfe, ta kankare sarƙar a kusa da maƙulli. Rawayar ta tashi kamar fenti, wani farin ƙarfe ya bayyana a ƙasa. Ta zauna a kujerar kitso tana kallonsa.

Wato Hajiya ba ta taɓa niyyar auren nan ba. Ta ga asara ce ta ba 'yar mai kitso gwal na gaske, ta ba ta ƙarfe. Ƙarfen ya ci mata wuya, sai ta ɗauki cin da ya yi ta mayar da shi cutar dangi, ta kashe aure, ta kashe shago, ta sa Inna tana zargin 'yan'uwanta. Auta ta yi ƙwafa. Zuciyarta tafasa take, amma kanta bai taɓa yin sanyi irin na lokacin ba.

Can sai wani abu ya faɗo mata.

Mai kitso ba fuskar mutane ta sani ba, ƙeyarsu ta sani. Yini take a tsaye a bayan mata, kai a sunkuye, wuya a buɗe. Abin da mace ba ta taɓa gani a jikinta ba, mai kitsonta ta haddace shi. Kuma Auta ta sha ganin jan nan. Matar mai gidan burodi tana da shi. Malamar makarantar nan mai son ƙananan kitso tana da shi, ita da ƙanwarta. Siririn ja a ƙeya, daidai inda maƙullin sarƙa yake zama. Kowace sai ta ce ƙurajen zafi ne, Auta ta barbaɗa mata hoda a wuce wurin. Dukkansu a shagon Hajiya suke sayen gwal. Biyu daga ciki ma Auta ce da bakinta ta tura su, lokacin da soyayya take ɗibarta tana yi wa shagon surukarta talla.

Sai kuma Anti Rediyo.

Anti Rediyo dillaliyar atamfa ce, kuma ba a banza ta samu sunan ba. Abin da ta ji da safe, kafin azahar kasuwa uku sun ji, har da ƙarin gishiri. Tana cikin 'yan kaɗan da ba su guji Auta ba, ta ce ita kanta ba ya karɓar hannun kowa, ko kuturu ne zai yi mata in dai tsagar ta fita. 'Ya'ya uku ta aurar, duk gwal ɗinsu a wajen Hajiya ta saya, kuma babu taron da ba ta faɗi haka. Jan da ke ƙeyarta ya fi na kowa. Gobe ƙarfe goma take da kitso.

Auta ta ɗauki waya ta kira Maƙeri.

"Ka zo shago gobe ƙarfe tara."

"Lafiya, Auta? Muryarki..."

"Ka zo kawai."

Ta riga ta tsara komai. Za ta nuna masa yadda uwarsa ta yaudare su su biyu. Zai ɗauki takardar likita ya kai mata. Hajiya za ta tako da ƙafarta har tsakar gidan Inna, da ƙawayen nan nata uku, ta janye maganarta a gabansu, ta sha ruwa a kofin gidan. Idan ta yi haka, Auta za ta haɗiye sauran saboda shi. Idan ta ƙi, to Anti Rediyo tana nan, akwai ƙarfe goma na wani satin. Har tausayinsa take ji, tana tunanin yadda fuskarsa za ta yi idan ya gane irin uwar da Allah ya ba shi.

Tara saura ya iso. Ya rame, idonsa ya faɗa, rigar aikin ce a jikinsa da ƙunar wuta a hannunta. Ganinsa ya sa gabanta ya faɗi kamar ranar farko, ta ji haushin kanta. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin mataji, ta ɗora sarƙar a gefe da wurin da ta kankare a sama.

"Karanta."

Ya karanta. Ya ajiye. Ya sunkuyar da kai.

Auta ta jira. Shekara biyu ta san shi, ko zoben roba ya gani a hannun yarinya sai ya karɓa ya juya shi ya duba. Ga sarƙar shagonsu a kankare a gabansa, ko hannu bai kai ba.

"Ba ka ɗauka ka duba ba."

Ya kawar da kai gefe.

"Maƙeri, da kai nake. Ba ka ɗauka ba."

"Na san ta," ya ce a hankali. "Ni na yi ta."

Ta dafa kujera.

"Ki saurare ni, don girman Allah. Irinsu muke sawa a gilashin gaban shago saboda ɓarayi. Ƙarfe ne nake wankewa da ruwan gwal, na gaskiyar suna cikin akwatin ƙarfe a ciki. Haka Baba ya bar mana tsarin, kuma bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Bayan rasuwarsa ne Hajiya ta fara. Matan da suka yarda da ita, waɗanda ta san ba za su kai a gwada ba. Na yi magana, na yi magana har na gaji. Ranar da ta ba ni taki a rufe take a akwati, wallahi ban buɗe ba. Sai da na gani a wuyanki na gane ɗinkin maƙullina."

"Yaushe ka gani a wuyana?"

"Washegari."

"Washegari." Ta maimaita kamar mai koyon kalmar. "Jan fa? Ka san abin da yake kawo shi?"

Hawaye ya gangaro masa.

"Mata suna dawowa da shi shago. Hajiya takan ce musu zafi ne."

"Ranar da ta ce cuta ce a jinin gidanmu, kana tsaye a bakin ƙofa."

"Ina tsaye."

"Ka sani a lokacin?"

"Na sani."

Auta ta zauna. Kukan da ya zo mata ba mai sauti ba ne, hawaye ne kawai wani na bin wani.

"Ai na ce ki cire," ya ce da sauri, ya durƙusa a gabanta. "Ki tuna, a waya, sau biyu na ce ki cire ki ajiye."

"Ka ce in cire tunda an fasa. Ka san me na ɗauka? Na ɗauka kayanku kake so a mayar. Na yini ina kuka, na ƙara ɗaure ta a wuyana, na ce ko ita ce a bar min. Kalma ɗaya fa, Maƙeri. Auta, sarƙar ce. Kalma ɗaya. Na dirje wuyana da gishiri har jini. Mata sun watse min. An janye yarinya daga kusa da Innata a kanti. Kai kuma kullum ka kira ka ce yaya jikin."

"Idan na faɗa miki, tambaya ta gaba ita ce me ya sa gwal ɗinmu yake haka. Me zan ce? Uwata ce, Auta. Idan maganar nan ta fita ɗaure ta za a yi, ni ma haka, hannuna ne a jiki. Ƙannena biyu suna gida ba su yi aure ba. Wa zai kalle su?"

"Ni wa ya kalle ni?"

Ya share fuska da hannun riga, ya matso.

"Ki ba ni wata uku. Yanzu kin cire, wurin zai washe. Sai mu ce kin sha magani kin warke. Ni kuma zan shawo kan Hajiya, wallahi zan shawo kanta, tunda ta san kin sani ba za ta ƙi ba. A yi aurenmu, maganar ta mutu a tsakaninmu. Ba abin da muke so ke nan ba?"

Abin takaicin shi ne, shi ne abin da take so. Jiya da a ce an miƙo mata wannan, da hannu biyu za ta karɓa. Ta kalli hannayensa masu tabon wuta, waɗanda ta sha riƙewa tana yi masa faɗa ya riƙa kula.

"Mu ce na warke," ta ce. "Wato dai na yi cutar."

"Magana ce kawai ta baki."

"Ita ma Hajiya magana ce kawai ta baki ta yi."

Sallama ta katse su, irin wadda ake ji tun daga farkon layi. Maƙeri ya miƙe da sauri. Anti Rediyo ta shigo da jakarta da mafici, tana haki.

"Auta, yau na riga lokaci, ki yaba min. A'a, ɗan Hajiya ne? An shirya ke nan ba a gaya mana ba? Kai kuma me ya samu idonka, ko hayaƙin maƙera ne? Ka gaida min Hajiya, ka ce ina nan tafe, auren ƙaramar ya matso, saiti biyu nake so irin na yayyenta."

Ta faɗa kujera, ta tuɓe ɗankwali, ta sunkuyar da kai. Auta ta wanke hannu, ta ɗauki mataji, ta tattara gashin ta ɗaga sama. Jan yana nan kwance a ƙeya, sarƙar a kansa.

Ta ɗago ta kalli Maƙeri ta cikin madubi. Yana bakin ƙofa.

"Anti," ta ce, idonta a kansa, "ɗan Hajiya yana da maganar da zai gaya miki."

"Ni? To ina ji, ɗana."

Auta ta tsaya da gashin a hannunta. A ranta roƙonsa take yi. Ya buɗe baki kawai, ko da kalma ɗaya ce, ko da muryarsa za ta sarƙe. Idan ya yi, ta san za ta bi shi duk inda maganar ta kai su, ko ƙofar gidan yari ce za ta riƙa kai masa abinci.

Maƙeri ya buɗe baki. Ya kalli Anti Rediyo, ya kalli ƙasa.

"Babu komai, Anti," ya ce. "Cewa zan yi Hajiya tana gaishe ki."

Hawayen Auta ya ɗiga a kan ɗankwalin da ke cinyar matar. Ta ajiye matajin. Ta sa yatsa biyu ta ɓalle maƙullin sarƙar da ke wuyan Anti Rediyo, ta ɗora mata ita a tafin hannu, sannan ta miƙa mata kibiyar tsaga.

"Anti, kafin mu fara, kankare nan wurin ki gani. Sannan ki kira 'ya'yanki su uku, kowace ta taho da tata."